Rufin da Ya Daina Yoyo

Ni ba mutumin ziyara ba ne. In ba suna ko rasuwa ba, ban san yadda ake zuwa gidan mutum a zauna haka kawai ana kallon juna ba. Amma shekaru da yawa, duk damina da an ba yara dogon hutu, sai in kwashe su daga Makera mu tafi unguwar Television gidan wani abokina. Dalilin ɗaya ne, rufinsa yana yoyo.

Tare muka yi aiki a masaƙa a Kakuri, injinsa kusa da nawa. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, ƙato, ga tsoron tsani kamar ƙaramin yaro. Ni kuwa siriri ne, hawa ba ya ba ni wuya. Da masaƙa ta rufe kowa ya kama gabansa. Ni na koma sayar da gawayi, shi ya samu gadi. Ba don tsohon kwanon nan nasa ba, da tuni mun zama irin mutanen da ke ɗaga wa juna hannu daga cikin mota.

Saƙonsa bai taɓa canzawa ba: "Malam, ruwa ya shigo." Sai in ɗauki gwangwanin kwalta da tsummoki. Ina sama ina liƙe ɓula, yana ƙasa yana min ihu.

"Ba nan ba! Matsa gaba!"

"In ka san wurin ka hawo ka nuna min."

"Da wannan tumbin? So kake ka mayar da Madam bazawara?"

Aikin kansa ba ya daɗewa, amma sai bayan magariba muke komawa gida. Madam, matarsa, ba ta yarda kowa ya taɓa kazar da za a dafa mana sai na sauko na yanka da hannuna. Akwai buta da tabarma da ta ware min a bayan ƙofa. Yaransa da nawa suna tsakar gida da gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa, ba ka gane na wane daga na wane sai an kira su. In ruwa ya sauko, ƙarar kwanon ta hana magana, mu zauna a baranda mu yi shiru. Wannan shirun na fi so. Har shekarun da gari ya ɓaci mutane suka daina shiga unguwannin juna, yoyon bai daina ba, ni ma ban daina zuwa ba.

Sai babbar 'yarsa ta zama nas. Allah ya yi mata albarka, ta sa aka kware tsohon kwanon aka buga sabo, shuɗi, mai tsawo. Ya kira ni yana murna, na ce barka. Da na ajiye wayar sai na ji kamar an sake sallamata daga aiki.

Daminar bara ta zo ta wuce, babu saƙo, ban je ba. Matata ta gaji da ganina ina zaune ina kallon hadari.

"Malam, ka je mana."

"In je in ce me?"

"Ka ce ka zo."

Ita ba ta gane ba. Mu ba mu taɓa zama ba tare da wani aiki a tsakaninmu ba, daga inji sai kwano. Na san in wata daminar ta sake wucewa haka, shi ke nan, sai dai ɗayanmu ya je wa iyalan ɗaya ta'aziyya.

Bana hutu ya kusa ƙarewa, ina auna gawayi, waya ta yi ƙara.

"Malam, ruwa ya shigo."

Ban tambaye shi komai ba. Na nemo gwangwanin, kwaltar ta bushe ta yi tauri, na tafi da shi haka. Ni kaɗai, yaran sun girma, kowa da sha'aninsa. Gwiwata tana ciwo tun daga bakin titi, ina tafe ina tunanin yadda zan hau.

Na same shi ya rame, tumbin ya tafi. Ya ja ni falo ya nuna min roba a tsakiyar ɗaki, da ruwa a ciki. Na ɗaga kai. Silin fari tas, ko tabo babu. Kwana biyu ma ba a yi ruwa a garin ba. Madam ta gaishe ni ta shige kicin da sauri tana rufe baki da zane.

"Ta ina yake ɗiga?" na ce.

"Nan nan dai. Kai ne mai aikin, ni za ka tambaya?"

"Ina tsanin?"

"An ara."

Na zagaya robar, na sake kallon silin kamar da gaske. "Oga, irin wannan yoyon ba a gane shi sai ana ruwa."

"To zauna mu jira ruwan. Madam! Ina kazar nan?"

Muka zauna a baranda. Ba a yi ruwa ba ranar. Muka ci masara, ni da ɓangaren bakina mai sauran haƙora, yana min dariya. Muka yi ta lissafa mutanen masaƙa, waɗanda suka mutu da waɗanda suka koma ƙauye. Da la'asar na duba bayan ƙofa, butar tana nan, tabarmar ma.

Ni ban tara komai ba a duniya. Gidan haya nake, hannuna baƙi ƙirin, jikina ya gaji. Amma da na sallame na daɗe a zaune ina cewa alhamdu lillahi. Ina da rai, yarana sun tashi lafiya, kuma akwai dattijon da ya ɗebo ruwan rijiya ya zuba a roba ya ajiye a falonsa saboda ni.

Da zan tafi na tura gwangwanin bayan ƙofa kusa da butar. Na ce aikin ba na rana ɗaya ba ne. Ya ce shi ma yana jin mako mai zuwa yoyon zai ƙaru.