Jakunan da Na Sa Aka Sayar

Ni na sa Baba ya sayar da jakunanmu, kuma har yau abin yana ci mini rai. Su uku ne. Duk rani su ke kai kara da itace cikin birni, su dawo da mangala cike da toka da sharar gidaje, mu zube a gona tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka. Gonar nan guda ita ce tuwonmu, kuma a wajenmu Gezawa babu filin da za a bari ya huta.

Da takin zamani ya zo, araha kamar kyauta, sai na tasa tsohon a gaba. Na ce buhu ɗaya a bayan keke ya fi sawu ashirin na jaki, ga ba harbi, ba neman harawa. Da ƙyar ya yarda.

Shekarun farko gero ya yi kyau, ni kuwa baki har kunne. Sai taki ya ɓace. Kwana uku ina bin layi a wurin rabo, rana tana dukana, ƙarshe aka haɗa mu shida a buhu ɗaya. Da shekara ta zagayo ko wannan ma babu.

Na ɗaure buhuna a keke na nufi birni, gidan wata Hajiya inda muka saba kwasar juji. Daga soro ta sallame ni.

"Sai yau, ɗan nan? Ai mun ba wani mutumin Bacirawa. Shi bai daina zuwa ba."

Gida biyar na shiga, amsar ɗaya ce. Na dawo da buhunan yadda na tafi da su, takaici kamar ya kashe ni.

Da ma zagina Baba ya yi, da na fi samun sauƙi. Tokar murhun Inna ya tara a tsohon kwando, ya bi gindin gero yana zuba ɗan hannu-hannu. Layi huɗu ta kai, na bakin hanya. Su kaɗai suka yi kore shar. Sauran gonar ta yi rawaya, ko gwiwa ba ta kai ba.

Wata rana muna noma, wani maƙwabcinmu ya tsaya yana kallo.

"Malam, me ya sami sauran?"

Baba ya ɗago ya share gumi. "Iya abin da murhu ɗaya zai iya ke nan," ya ce, ya sunkuya ya ci gaba.

Ina tsaye riƙe da fartanya na kasa haɗa ido da kowa. Mu goma sha ɗaya ne ke jiran geron nan.