Askar Baba Kyari Ta Zama Cokali

Modu yana miƙo mini askar na ƙura mata ido. Sai ƙyalli take kamar sabon cokali.

Tun daga Nguru na taso zuwa Gashuwa saboda ita. Na daɗe ina tara tsofaffin asake, amma wannan daban ce. Ta marigayi Baba Kyari wanzami ce, da ita ya yi mini askin suna. Na san ta da ƙotar ƙaho da tambarin maƙeri a gindi, wanda da shi ake gane zamanin da aka ƙera ta.

Yanzu babu tambarin, ƙotar kuma ta koma jar roba.

Na ce wa Modu, ɗan marigayin, "Me ya sami askar nan?"

Ya washe baki ya ce, "Ai da na ji za ka zo, Alhaji, sai na kai wa mai walda ya goge ta da inji. Duk ta yi baƙi, kunya ta hana ni ba ka ita haka."

"Ƙahon fa?"

"Ya tsage, na jefar."

Tsatsar da haƙuri da ɗigon mai za su cire, ita ya kai wa inji. Ya tsaya yana jiran in yi masa godiya.

Na ajiye masa abarsa, na ce ya riƙa fere rake da ita.

Wani gadon gara a bar shi da tsatsarsa. Ku a gidanku, wane kayan tarihi aka kashe da sunan gyara?