Taku Tamanin na Baba Ilarie

Shekara goma sha tara ina aikin kwalta, kuma duk tsawon shekarun nan baya nake ba wa motoci. Haka aikin yake. Kana riƙe da manjagara, idonka a kan baƙar kwalta mai tururi, inji yana ruri a kunnenka, ba ka jin abin da ke gangarowa ta bayanka. Ranka yana hannun mutumin da ke tsaye can sama da ɗan allo mai mariƙi, gefe ɗaya ja, gefe ɗaya kore. In ya yi sakaci, kai za a kwasa. A rukuninmu mai riƙe allon shi ne Baba Ilarie Bodnariuc, maƙwabcina a ƙauyen Runcu.

Kafin ya zo cikinmu, shekara ashirin da takwas ya yi yana jan motar gumagumai daga dazukan Bucovina zuwa gidan yanka katako. Wata damina birkinsa ya yi zafi a gangara ya ƙi kamawa, ga bas cike da mutane a gabansa, sai ya karkatar da kan motar ya daki gefen dutse. Mutanen bas suka wuce abinsu, ba su ma san me ya faru ba. Shi kuwa ƙafarsa ta hagu ta gajarce, tun daga ranar yake ɗingishi, kuma bai ƙara hawa babbar mota ba. Ba ya ba da labarin. A bakin matarsa, Inna Domnica, na ji.

Mutum ne marar yawan magana, har ya kan ba ni haushi. Amma yana da wata ɗabi'a: in mota ta taho, ba ya kallon fuskar direba, tayoyin baya yake kallo. Ya dubi yadda gindin motar ya sauka a kansu, sai ya ce, "Wannan ta ɗauki mutum biyar da buhu uku." Mun sha yin musu da shi, a leƙa, a tarar haka ne. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

To, watan Agusta shi ne watan fargabarmu. 'Ya'yanmu da ke aiki a Italiya duk suna dawowa gida hutu, kowa da motarsa mai sheƙi, but ɗin babu komai sai akwati ɗaya da 'yar tsaraba. Da idin Maryamu na tsakiyar wata ya wuce, sai a fara komawa, a nan ne kuma iyaye mata suke nuna halinsu. Sai ka ce a Italiya ba a sayar da abinci! Kwalaben zakuska, wato miyar yalo da tattasai, arba'in ko hamsin. Kabeji mai tsami a bokiti. Cuku, zuma, kyafaffen nama, buhun dankali, jarkar barasar gida. Yaro ya zo da mota wayam, ya koma da kanti a bayansa, ƙafarsa kuwa ba ta san an yi canji ba. Inda ya saba taka birki, nan zai taka.

Baba Ilarie ya san wannan. Kamfani yana shata masa layin fenti a inda zai tsaya, taku talatin sama da inda muke aiki. Duk shekara yana tsayawa a kan layin har ranar idi. Washegari sai ya ɗauki allonsa ya ɗingisa sama, yana ƙirgawa a fili, taku tamanin daga layin, ya tsaya. Ba wanda ya sa shi, tsohon shugabanmu kuma yakan kawar da kai.

A shekarar da nake ba ku labari muna gyaran gangaren da ke tsakanin ƙauyenmu da Câmpulung, ƙasa da wata doguwar kwana. Ɗan autan Baba Ilarie, Tavi, ya zo hutu daga birnin Padova na Italiya. Shekararsa ashirin da uku, yana aikin shimfiɗa tayil, ya sayi baƙar mota ta hannu wadda yake wanke ta fiye da yadda yake wanke wuyansa. Yaro ne mai fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba, amma ganganci ya yi masa yawa. Ya ƙirƙiro wani wasa: duk sanda zai je gari, sai ya sheƙo a guje, ya taka birki da ƙarfi, motar ta tsaya cak, taƙi ɗaya daga takalmin ubansa. Sai ya leƙo yana dariya.

"Baba, ka ga birki? Ba irin akwalar da kuka ja ba ce."

"Na gani," in ji tsohon. "Wuce, kana tare mini hanya."

Ni ne ba na iya haƙuri. Ran nan na jefar da manjagara na yi kansa. "Kai ɗan banza, rayukan mutane ne abin wasanka? Ina da jikoki biyu!"

"Haba Kawu Gavril, tsufa ne ya sa ka tsoro. Motar nan ta fi ka lissafi."

Da ba don idon ubansa ba, na rantse da na mare shi.

Ranar Laraba bayan idi sabuwar injiniya ta zo duba aiki. Sunanta Sabina, yarinya ce mai takardu, komai nata sai da ma'auni. Ta tarar da layin fenti babu kowa, mai allo yana can sama. Ta kira shi a oba-oba, ya ɗingiso.

"Baba Ilarie, wa ya ce ka bar wurinka?"

"Ba kowa, ranki ya daɗe. Motocin ne suka yi nauyi."

"Nauyi ba nauyi ba, tsarin aiki ya ce taku talatin. In wani abu ya faru kana wurin da ba a rubuta ba, ni za a kama. Ka koma kan layi. In na sake samunka a can, ka ajiye allon ka tafi gida."

Saura shekara biyu ya samu fansho, kuma wa zai ɗauki gurgu ɗan shekara sittin da uku? Duk mun sani, shi ma ya sani. Ya ce, "To." Ranar Alhamis ya wuni a kan layin, fuskarsa a murtuke, ni kuma na wuni ina waiwaye har wuyana ya ƙage.

Juma'a ce ranar tafiyar Tavi. Da safe na biya wa Baba Ilarie mu tafi aiki, na tarar ana ta fama a tsakar gida. Ya buɗe but ɗin motar Tavi yana sauke kaya, Inna Domnica tana tsaye ta riƙe ƙugu.

"Ajiye mini buhun nan, tsoho! Ɗana ne, ni na haife shi."

"Ni ma ai ban tsince shi a hanya ba. Abokansa Mirel da Sandu za su shiga, kowa da kayan uwarsa. Motar ba jirgin ƙasa ba ce."

"Ka ga yadda ya rame? Taliya kullum, taliya! Abinci ne wannan?"

Ya sauke buhun dankali da kwalabe ashirin, ya kai su rumbu. Ya juya ga Tavi, wanda ke shan kofi a bakin ƙofa. "Saurara. A gangara ka sa ƙaramar giya, inji ya riƙe motar. Kada ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama, zai yi zafi. Kuma yau babu wasan nan naka."

"To, Baba. Na ji, direban direbobi."

Da muka fita na waiga, na ga Inna Domnica tana kallon ƙofar rumbu. Na san matan ƙauyenmu, uwata ma haka take. Na ce, "Baba Ilarie, wallahi sai ta mayar." Ya ce, "Na sani."

Muna isa wurin aiki ya tsaya a kan layin fenti. Can sai na ji shi yana ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku, yana hawa. Na ɗaga murya, "Injiniya fa za ta zo da hantsi!" Bai ko juyo ba.

Wajen ƙarfe goma muna baza kwalta mu uku, ni ne na ƙarshe ta sama. Abin da ya faru a bayana ban gani ba, daga baya aka gaya mini. Tavi ya tsaya sallama gida-gida har ya makara, ya sauko gangaren nan a babbar giya, ƙafarsa a kan birki tun daga ƙoli. Da ya fito kwana ya hango ubansa da jan allo, sai halin ya motsa, wasa ɗaya na ban kwana. Ya ƙara wuta, ya danna ham, ya taka birki a daidai inda ya saba. Motar ta ƙi.

Tsohon ya ga gindinta a ƙasa, ya ga hayaƙi a tayoyi, ya yi tsalle gefe da ƙafarsa mai kyau. Madubi ya daki hannunsa, allon ya yi sama. Ni abin da na fara ji shi ne muryarsa, wadda ban taɓa jin ya ɗaga ba: "Gavriiil!" Na juyo, sai ga baƙar mota ta doso ni a karkace, tana watsa tsakuwa, robobin hanya suna tashi. Ƙafafuna suka ƙi motsi. Ta wuce layin fenti. Ta ci gaba da zamewa, tana zamewa, har ta tsaya. Na ga idon yaron ta gilashi. Warin ƙonannen birki ya cika mini hanci, kuma ba kunya zan faɗa muku, na jiƙa wandona.

Baba Ilarie ya gangaro, hannunsa na dama yana lilo, yana bin baƙin sawun taya yana ƙirgawa. Da ya iso hancin motar ya ce, "Ɗari da bakwai." Ya taka zuwa inda nake. "Uku." Ya zagaya ya buɗe but da hannun hagu. Buhun dankalin yana nan, kwalabe ashirin suna nan, an ƙara da wasu a ƙarƙashin kujeru. Har safaya an ciro, an cika raminta da kwalaben zuma.

"Sauke," ya ce.

Tavi ya fito. Shi da abokansa suka jera kayan a gefen hanya, layi har kusa da rola. Yana cikin ɗauka ya durƙusa ya fashe da kuka. Na zo da zagi cike da bakina, amma na haɗiye.

Injiniya Sabina ta iso ta tarar da mu haka. Ta dubi sawun taya, ta dubi layinta, ta auna da idonta. Ba ta kori Baba Ilarie ba, ba ta kuma ba shi haƙuri ba. Ita ta kai shi asibiti a motarta, aka ɗaure karaya biyu.

Labari ya kai ƙauye, sai ga Inna Domnica a bas ɗin rana, ko ɗankwali ba ta ɗaura daidai ba. Ita nake jira. Na shirya mata magana tun daga kakanninta. Ta sauka can sama, ta biyo sawun tayan nan a ƙafa, a hankali, ta wuce kwalabenta ba ta dube su ba, ta zo gabana.

"Gavril, a ina kake tsaye?"

Na nuna mata inda manjagarata take yashe. Ta je ta tsaya a wurin, ta juya bayanta ga gangaren kamar yadda nake yi, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, muryarta can ƙasa, "Tsoro nake kada yaron ya ji yunwa."

Duk maganar da na tanada ta tsere. Na kama hannunta na zaunar da ita a kan buhun dankalin.

Tavi ya tafi bayan kwana uku, an canza masa birki, but rabi babu komai. Agustan da ya biyo baya ina tsakar gidansu ranar tafiya. Kwalba ɗaya Inna Domnica ta ba shi, ta riƙe ta da hannu biyu tana kuka kamar wadda za ta tura shi kurkuku. Shi kuwa ya sa ƙaramar giya tun daga ƙofar gida, ya zo ya tsaya nesa da ubansa har na baya suna danna masa ham.

Amma Runcu ba uwa ɗaya ce a cikinta ba. Layin fenti yana nan a taku talatin, takarda ba ta canza ba. Baba Ilarie yanzu da hagu yake riƙe allo, hannun dama ba ya ɗaguwa sosai. Washegarin idi na ji shi yana ƙirgawa yana hawa. Na saurara har ya kai tamanin, sannan na ɗauki manjagarata na juya baya.