Yayana Alƙali da Ciwon da Muka Ɓoye wa Inna

Shekarun baya can, lokacin da kuɗin mai ya shigo kuma soja ke mulki, ina koyarwa a wata firamare a Sakkwato, yayana kuwa lauya ne a gidan soja. Shi ne ɗan farin mahaifiyarmu. Saboda kunya ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake. In ya zo gaisuwa gidanmu na Ƙofar Dundaye, ni take aike: in ce wa wancan abincinsa na rumfa.

Mutum ne mai magana a hankali, har na kan yi mamakin yadda aka yi ya shiga soja. Amma a zamanin da kaki ke sa mutane su kauce hanya, shi ya gurfanar da wani hafsa, abokin karatunsa, saboda ya daki wani mai tireda a kasuwa. Abokai da yawa sun daina gaishe shi. Bai taɓa kawo mana zancen ba, a gari muka ji. Daga baya aka ɗora shi kan kujerar alƙali, ya ci gaba da halinsa.

Wata damina ya dawo daga Kaduna ya rame, kaki na yi masa yawo a jiki. Ya ɗauke ni a mota kamar zai kai ni makaranta, sai ya tsaya gefen hanya wajen Tudun Wada, ya kashe inji. Ya ce likitoci sun ga ciwon daji a hanjinsa, kuma ya riga ya yi nisa. Ina kuka yana ba ni haƙuri, kamar ni ce marar lafiyar. Sannan ya roƙe ni kada Inna ta sani. In ta tambaya, gyambon ciki ne.

Duk gidan nan an rasa wanda za a ba ajiyar sirri sai ni, wadda ko ɗalibaina sun san fuskata ba ta iya ƙarya. Haka na je na tsara wa Inna zancen ina kallon ƙasa. Ta ce Allah Ya sawwaƙe, ba ta ƙara komai ba.

Tun daga ranar ta kafa dokar masu gyambo. Ba yaji, ba tsami, ba kilishi, ba furar da ta kwana. Kullum kunu salam da tuwo da miyar da ba ta da ɗanɗano. Yayana kuwa ba abin da yake so a duniya irin miyar sure, wato yakuwa, mai yaji. Zai dubi kwano, ya dube ni, ya ce a hankali bai taɓa yanke wa kowa hukunci mai tsanani irin wanda ya yanke wa kansa ba. Sai mu yi dariya, in fita bayan ɗaki in share hawaye.

Da jiki ya ƙi, ya bar aiki ya dawo gida da zama. Wata rana bayan la'asar yana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, ina yi masa fifita, sai ga Inna ta taho. Na ɗauka wucewa za ta yi. Sai ta zauna a bakin tabarmar, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo. Ta kira sunansa, sunan yanka.

Ta ce, "Wanga ciwo ba gyambo ba na. Ni na haife ka. Gaya mini gaskiya yadda kaka sa mutane su gaya maka."

Ya yi yunƙurin tashi zaune, ya kasa. Ya ce, "Inna, daji ne. Sun ce ba magani."

Sai ta jawo kansa ta ɗora a cinyarta, ta karɓi maficin daga hannuna. Ta ce ta sani tun ranar da na shigo ina kallon ƙasa, jira take ya faɗa da bakinsa, da ta ga lokaci na tafiya ta kasa jira. Ta juyo ta ce in je in samo sure, in kuma daka yaji da kyau. Loma kaɗan ya iya ci, amma ya ci yana murmushi.

Bayan nan ba ta sake barin gefensa ba. Ta ba shi labarin ƙuruciyarsa, wanda kunya ta hana ta faɗa duk tsawon shekarun, shi kuma ya ba ta labarin shari'o'in da suka hana shi sukuni. Ya rasu da hantsi, bayan an girbe gero, hannunsa cikin nata. Sojoji sun zo jana'iza da yawa, har da waɗanda suka daina gaishe shi.

Abin da ya zauna mini shi ne, mun so mu kare ta daga baƙin ciki, ashe kwanakin da suka rage mata da ɗanta muke cinye mata. Allah Ya sa ta fi mu ƙarfin hali.

Yau na yi furfura, na yi jikoki, na wuce shekarun da ya yi a duniya nesa ba kusa ba. Amma in na ɗaga hannu ina yi masa addu'a, har yanzu Yaya nake cewa. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Inna.