Kwalba Huɗu Ba Kwata

Ranar Talata ce, makon ƙarshe na watan Oktoba, dusar ƙanƙara ta farko ta sauko wa ƙauyenmu Sangsafed tun rana ba ta leƙo ta bayan dutse ba. Ba ta da yawa, irin mai narkewa a kan rufi ta kwanta a gindin katanga ce. Amma kowa ya gane saƙonta: kwana ɗaya ko biyu, babban hawan da ke fitar da mu zuwa kwari zai toshe, mota mai kaya ba za ta sake haye shi ba sai bazara.

Usto Nazarali, makanikin ƙauyenmu (Usto muke ce wa gwanin sana'a), bai sauya komai ba don dusa ta sauka. Ya dawo daga sallar asuba, ya gutsuttsura gurasa a cikin shayin madara mai gishiri ya sha, ya wangale ƙofar gidansa, ya shimfiɗa tsohon buhu a ƙarƙashin bishiyar tuffa, ya jera sifanoninsa daga ƙarami zuwa babba. Haka yake yi shekara arba'in da ɗaya. Ba shi da gareji, ba shi da allon talla. Rami ɗaya ne a tsakar gida, da katakai biyu a kansa, kuma babu motar da ke ƙauyen nan da ba ta taɓa hawa katakan ba.

Mohira mai ɗakin magani ta shaida cewa shi ya yanka fatar takalminsa ya toshe famfon motar asibiti ranar da ba a samu roba ba. Direban tarakta ya ce sau uku Usto yana bin sa har gona da ƙafa don kawai ya ji ƙarar injin ta sauya daga nesa. Duk da haka mu matasa ba mu kiran sa da sunansa. Usto Mai Kwalba muke ce masa, domin ba ya zuba wa mota baƙin mai sai ya auna shi da kwalaben matarsa, masu faɗin baki, masu cin lita ɗaya, waɗanda take jiƙa tumatir a ciki saboda hunturu. Ina cikin masu yi masa dariya. Na bar makaranta a aji tara saboda zama wuri ɗaya yana ƙona ni, don haka ban ga dalilin da mutum zai ɓata rabin yini a kan aikin minti goma ba.

A safiyar nan Shodmon ya gangaro da motarsa a kashe har ƙofar Usto, buhun dankali goma sha biyu a bayanta. Shekara bakwai ya yi yana ɗaukar bulo a Rasha, kuma wannan tsohuwar mota ita ce duk abin da ya dawo da shi. Da ita yake ci da mata da 'ya'ya huɗu. Kwana uku kafin nan bututun da geji, sandar auna baƙin mai, ke shiga ciki ya karye daidai wuyan inji, mai ya feshe ko'ina. Ya aika an sayo masa wani a kasuwar 'yan gwangwan. Mai sayen dankali kuma yana jira da babbar mota a mararraba, bayan hawa, ya ce azahar zai tashi. Ni ma ina wurin da jakata, zan bi Shodmon zuwa birni neman aiki. Shodmon ya matsa kusa da Usto, ya kira shi amak, wato baffa.

"Amak, don Allah ka taimake ni. Cusa shi kawai za ka yi, mu ƙara mai, mu wuce."

"Cusa shi a ina? Guntun tsohon yana cikin ramin. Ka ci abinci?"

"Wa ke ta abinci, amak!"

"To ni na ci. Matsa min."

Guntun da ya maƙale ba shi da wurin kamawa, kuma in ya faɗa ciki sai an sauke inji. Usto ya zaɓi wani dogon noti, ya shafe shi da giris don ɓurɓushin ƙarfe ya manne a jiki kada ya zuba cikin mai, ya riƙa murɗa shi a bakin guntun a hankali, rabin juyi gaba, kwata baya. Ya ɗauki lokaci. Da guntun ya fito sai da ya haɗa da farcen babban yatsansa. Ya tsotse jinin ya tofar.

Ya ɗebo dusa a gindin katanga, ya barbaɗa mata gishiri, ya binne sabon bututun a ciki don ya tsuke, ya sa aka kwara ruwan zafi a wuyan injin don ramin ya saki. Matarsa Gulbahor, wadda muke kira Hola, wato inna, ta leƙo daga ɗakin girki.

"Baban Sitora, gishirin nawa ne kuma ka ba ƙarfe? Yaushe ka fara yi wa mota miya?"

"Tsohuwa, kawo kwalba huɗu."

"Babu! Duk na cika su jiya."

"To juye."

Kafin ya binne bututun, na ga ya jera guntayen tsohon a kan buhu ya kara sabon a gefensu. Yanzu ya fito da shi da sanyinsa, ya ɗora katako a bakinsa, ya buga sau uku, ya zauna daram. Shodmon ya yi hamdala ya rarumi galan ɗin mai.

"Ajiye," in ji Usto. "Wannan bututun bai kai tsohon ba. Yatsa biyu ya rage. Na wata mota ne."

"Yatsa biyu? Amak, yatsa biyu fa ka ce! Ya shiga, ba ya yoyo, me ya rage?"

"Sai na juye man duka na auna."

"Wallahi mutumin nan zai tafi! In ya tafi wa zai hauro nan sayen dankali a dusa? Ka san halin da nake ciki."

"Na sani, ɗana."

"To ni na yafe awon. Motata ce."

"Taka ce. Amma tana kan katakaina."

Ya sauka cikin ramin, ya kwance notin ƙasa, ya tara kwano. Mai a sanyin nan kamar zuma yake, ɗigo yake yi ba zuba ba. Shodmon yana zagaye tsakar gida yana duba agogo, yana ƙunƙuni a kan tsofaffin da suka ɗauka har yanzu zamanin gonar gwamnati ake. Ni kuwa na ce a fili, da kwalaben nan za a binne shi. Hola Gulbahor tana juye tumatirinta a tasa, ta ɗago ta dube mu.

"Ku biyun nan ba a haife ku ba shekarar da muka ci sha'ir har bazara. Kun san me ya sa? Motar da ke kawo mana garin alkama na hunturu ce ta buga a tsakiyar hawa. Dusa ta rufe ta da buhu tamanin a ciki. Baban Sitora ne ya sauya mata irin wannan bututun ana gobe za ta tafi, geji ya nuna masa mai ya cika, ya sallame ta. Babu wanda ya san dalilin bugawarta. Da bazara shi ya je ya auna, ya dawo ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce laifinsa ne. Ba wanda ya tambaye shi." Ta girgiza kwalbar. "Tun daga ranar ban sake mallakar kwalba ba."

Daga cikin ramin aka ce, "Tsohuwa, surutu ya isa."

Da man ya tsane, Usto ya zazzage har na cikin filta, ya mayar da komai, ya cika kwalabe da sabon mai. Injin nan kwalba huɗu ba kwata yake ci. Ya zuba ɗaya, ya zuba biyu, ya zuba rabin ta uku, ya tsaya. Ya jira mai ya sauka, sannan ya miƙa wa Shodmon geji.

"Duba da kanka."

Shodmon ya goge, ya tsoma, ya zaro. Mai ya kai layin sama cif. Ya dubi gejin, ya dubi kwalba ɗaya da kwata da ke ajiye a ƙasa ba a zuba ba.

"Gajeren bututu, geji ya nutsa fiye da ƙa'ida," in ji Usto. "Ya ce maka ta ƙoshi, alhali da yunwa za ka tura ta hawa da buhu goma sha biyu. A fili za ta lallaɓa. A hawa, mai ya koma baya, famfo ya ja iska. A lanƙwasa ta uku ko ta huɗu ta hawan nan, da ka ji ta yi ƙara sau ɗaya, injin ya buga."

Shodmon ya zauna a kan katako. Bai sake duba agogo ba.

Aka zuba sauran man. Saura a yi wa gejin sabon layi a inda mai ya tsaya da gaske. Usto ya ɗauki magagari, ya ɗora a kan ƙarfen, sai hannun ya kama rawa. Ya sauke, ya hura masa iska, ya sake ɗorawa. Magagarin ya zame. Mun ɗauka sanyi ne. Hola Gulbahor ta juya ta shige ɗaki, a nan na gane ba yau abin ya fara ba.

"Zo, ɗana," ya ce wa Shodmon. "Zan sa yatsa, kai ka goga. Nan. Kada ka wuce."

Aikinsa na ƙarshe ke nan. Washegari ƙofar ta buɗe kamar kullum, amma ba a shimfiɗa buhu ba.

Usto, kai ne ka tsaya a ƙofar masallaci ka faɗi abin da babu mai iya kama ka da shi. Kai ne ka yi shekara talatin ana yi maka dariya a kan kwalba, ba ka taɓa buɗe baki ka kare kanka ba. Mun hau hawan nan sau ɗari muna sauka lafiya, muna yabon iya tuƙinmu, ba mu san a tsakar gidanka aka gama tafiyar tun kafin mu tayar da mota ba. Mun gode. Ni da bakina na yi maka rashin kunya, ka yafe min. Allah ya ba hannun nan sauƙi, ya saka maka da abin da ba mu iya ba.

Ku kuma da sifanoni suka koma hannunku, in za ku sauya bututun geji a gida, ku kara sabo da tsoho kafin ku buga shi. In kun ga bambanci ko na rabin yatsa ne, ku nemi kwalba. Ku je wurinsa ku tambaya tun yana zaune a gindin tuffar nan, yana son a zo.

Mun haye hawan ranar Laraba da hantsi, dusa na bin mu a baya, motar ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Yau shekara guda tana aiki. Abin da aka rasa a ranar shi ne: mai sayen dankali, wanda ya tashi da azahar kamar yadda ya ce, buhu uku da sanyi ya ƙone a bayan mota, tumatir kwalba huɗu, gishiri kofi ɗaya, farce ɗaya, da makaniki ɗaya, wanda ba mu da wani.