Motar da Baba Ya So A Tura

Jiya bayan la'asar na fito ƙofar gidanmu a unguwar Hindawiyya, sai na tarar da Baba ya naɗe hannun riga yana kiran maƙwabta su zo a tura motar 'yan sanda.

Ƙanena Usman, wanda ɗan sanda ne, shi ya tsaya da ita zai gaishe shi. Irin sababbin motocin sintirin nan ce masu haɗa batir da fetur, in ta tsaya tsit kake ji. Shi kuwa Baba a gyaran mota ya tsufa, da kunne yake gane ciwon inji.

"Abuya, a kunne fa take," Usman ya ce wa Baba yana dariya.

"Kai, rufe min baki! Motar da ko numfashi ba ta yi, ita za ta cim ma ɓarawo?"

Baba bai rufe baki ba aka kira Usman ta rediyo, wai an yi hatsari a babban titi, akwai mutum a maƙale cikin mota. Ya faɗa ciki ya taka. Wallahi kafin Baba ya sauke hannun rigarsa ta haye tudun nan da tasi-tasi ke nishi a kansa, ta ɓace.

Da magariba Usman ya bugo, ya ce su suka fara isa, mutumin ya rayu.

Baba ya ce, "Wannan ta fi ƙarfin kunnena. Amma ɗana ya iya ta."

Yau kaf masallacinmu ba wanda bai ba labarin ba, sai dai bai ambaci maganar turi ba.

Ku ma iyayenku haka suke karɓar kaye?