Gwaggo Mai Goɗiya da Yayen Abarta

Duk wanda ya taɓa kwana a gidan Gwaggo Mai Goɗiya ya san abin da take fara yi da safe bayan ta shafa addu'a. Ba ta gaida kowa, ba ta amsa gaisuwar kowa, sai ta je turke ta auna duƙushinta tukuna. Ba kuma da igiya ko kara take awon ba, da jikinta ne. Ta manna ƙugu da kafaɗar ɗan dokin, ta ɗora tafin hannu a gadon bayansa ta jawo zuwa jikinta, inda hannun ya tsaya nan ne labarin ranar. In kuka ji ta ce, "Ya wuce ɗaurin zane!" to kowa ya sha kunu da sukari. In kuwa ta dawo tana taɓe baki, ranar ko zakara sai ya nemi izini kafin ya yi cara.

Abin da kowa ya gani amma ba mai iya faɗa shi ne, ma'aunin ma raguwa yake yi. Tsufa yana ta lanƙwasa ta kamar lauje. Ɗanta da ke aiki a Dutse ne ya yi ƙarfin hali rannan ya ce, "Inna, anya dokin ne yake tsawo, ba ke kike gajarta ba?"

Ko kallonsa ba ta yi ba. "To ai duk ɗaya ne, sarkin surutu. Shi yana tahowa, ni ina tafiya, a hanya muke haɗuwa."

Ni matar ɗan wanta ce, gidanmu da nata zana ɗaya ce ta raba, a ƙauyenmu na bayan Taura. Ku da kuka san ta kun fi tuna ta da dariya. Ni kuwa da tsoro na san ta. Abu uku nake tsoro a duniya lokacin: Gwaggo, da doki, da sanyi. Sai Allah ya haɗa mini su a shekara guda.

Goɗiyar ta marigayi mijinta ce. Da ya rasu aka ce a sayar, mace me za ta yi da doki? Ta ce wanda ya taɓa igiyar nan sai dai a yi makoki biyu. Tun daga nan take kiwo, goɗiya ta haihu, ta raini ɗan, in ya isa ta miƙa wa wanda ta yarda da hankalinsa. Na shekarar da nake ba ku labari sunansa Kansila. Ta ce don ba ya zuwa wurin mutum sai ya ji motsin ƙwarya.

Kai, Kansila ya ga gata! In ɗari ya shigo, tukunyar farko ta ruwan ɗumi tasa ce, wai ruwan sanyi yana hana shi sha, in bai sha ba ciki ya ɗaure. Baƙo ko daga ina ya zo, da sauran Kansila zai yi alwala. Abincinsa kuwa sai ta ɗanɗana. Dusar gero, ɗan jiƙon kanwa, harawar wake, duk sai sun bi ta bakinta. Na taɓa raka ta kasuwar Ringim, ina ji ina gani ta zari ganyen harawa ta hau taunawa a gaban jama'a, ta tofar.

"Wannan ruwa ya taɓa ta, tana warin rima."

Mai harawa ya ce, "Haba Hajiya, ai ba ke za ki ci ba."

"Da ni zan ci ai da na saya, ɗan nan. Ni na saba da haƙuri, shi bai saba ba."

Da ɗanta ya aiko mata da bargo mai laushi daga Dutse, ta shafa shi, ta sa masa albarka har da ƙwalla. Washegari muka ga bargon a bayan Kansila, an huda an sa igiya ta ƙarƙashin ciki. Ita kuwa tana cikin tsohuwar rigar sanyin marigayi, wadda gwiwar hannu ta fita ta leƙo waje.

Amma duk gatan nan, hatsi ɗan kaɗan take ba shi, abin da bai fi cikin tafi ba safe da yamma. Harawa ce ba ta yankewa. Mutane su ce, "Gwaggo, haƙarƙarinsa fa ana gani." Ta ce, "Na ji. Sanyi ƙashi yake ginawa, damina ta sa nama. Ka ɗura wa duƙushi hatsi yanzu, jiki ya riga ƙafa girma, ka sami doki mai gwame." Kullum maganar ke nan, har yara suka mayar da ita waƙa.

To ni a lokacin ina goyon Abarta. Kun san dalilin sunan. Biyu na binne kafin ita, kuma dukkansu bayan yaye suka tafi, na biyun ma a tsakiyar ɗari. Shi ya sa na ƙudura a raina wannan ba zan cire ta ba sai an yi ruwan shuka. Sai ga ciki ya shigo. Tsofaffi suka ce nonon ya ɓaci, dole a yaye ta yanzu. Ga ta 'yar firit, wuya kamar sillen kara, ga sanyi ya fara shiga ƙashi.

Gwaggo ta shigo ta tsaya a kaina. A makon ta raba Kansila da uwarsa, ta aika goɗiyar rugar wani aboki na marigayi, don ita ma ciki gare ta.

"Ke da goɗiyata halinku ɗaya, ba ku san jira ba." Ta juya wajen maigidan, wanda ya sunkuyar da kai kamar yana neman allura. "Kai kuma Ɗanjuma, ba zan ce komai ba, Allah ya gan ka. Miƙo mini ƙawata."

Na ce, "Gwaggo, ko a bari sanyi ya..."

"Sanyi ba ya cin yaro, Hanne. Garaje ne yake ci. Kuma ki ji da kyau, yayena ba irin na 'yan kwanaki ba ne. Ba za ta gan ki ba, ba za ta ji muryarki ba, sai na ce. In ta hango ki ta tuna, aikin ya koma farko."

Ta saɓa Abarta a baya ta fice. Na bi su da kallo.

Ta mayar da yarinyar can ɗakin ƙurya, nesa da zanarmu. Ina jiyo kuka wani lokaci, in ya yi shiru kuma sai shirun ya fi kukan tayar mini da hankali. Na sami wata 'yar kafa a jikin zana, amma ba abin da ake hangowa ta nan sai turken Kansila. Rannan ina leƙe sai na ga ido a ɗaya ɓarin yana kallona. Saura kaɗan in saki fitsari. Ashe Gwaggo ce.

"Na san kina nan. Numfashinki kamar na saniya. To tunda ba ki da aiki, ga aiki. Ki riƙa duban Kansila. Tukunya ɗaya nake ɗumama musu ruwa, gero ɗaya nake surfa musu, shi dusa ita kunu. In kin gan shi a tsaye, 'yarki a tsaye take."

Wayyo, da ta san abin da ta ɗora mini! Daga ranar ban da aiki sai kallon doki. Ya yi atishawa, gabana ya faɗi. Ya bar harawa bai cinye ba, ni ma tuwo ya ƙi shiga. Da safe in kasa kunne in ji sakamakon awo, kuma cikin ɗarin nan kullum abu ɗaya take faɗa: "Yana nan inda yake." Yana nan inda yake! Ni kuma ina ƙirga haƙarƙarinsa ta kafar zana, ina ganin na Abarta. Haka ɗana na farko ya fara, ya tsaya cak ba ya gaba, daga nan ya yi baya. Na rame har zobe yana zamewa daga yatsana.

Maigidan yana lura ashe. Bawan Allah, shi ba mai magana ba ne, sai ya yi irin nasa tunanin: in doki ya yi ƙiba, matata za ta ci abinci. Ya shiga zuba wa Kansila dawa ta saman zana in zai fita masallaci, ba wanda ya sani. Da ya ga kamar ba ta aiki da sauri, ranar wata Juma'a ya cika kwano da dawa, ya haɗa da sabon wake, ya juye masa duka.

Da hantsi na leƙa. Kansila yana ƙasa. Yana birgima, yana waiwayen cikinsa, ciki ya yi tim kamar ganga, gumi ya jiƙa bargon Dutse.

Ban san lokacin da na keta zanar ba, ni da ko kusa da turke ban taɓa zuwa ba. Ba mayafi, ba takalmi, ina ta salati ina kiran sunan 'yata. Na banka ɗakin ƙurya. Sai ga Abarta zaune daram a kan tabarma, an naɗe ta da tsumma kamar ƙullin magani, ta rungume ƙoƙon kunun gyaɗa, fuska duk ta yi dama-dama. Ba ta yi ƙiba ba, amma idon nan tar. Ta dube ni, ta janye ƙoƙonta gefe, wai kar in sha mata.

Na zube a ƙasa ina kuka. Gwaggo ta finciko ni ta kafaɗa.

"Tashi! Taki ba ta kwanta ba, nawa ne ya kwanta!"

Ranar na fara ganin tsoro a fuskar Gwaggo. Ta tsuguna ta tona ƙasar gindin zana, ta ɗago ƙwayar wake tsakanin yatsu biyu, ta ɗaga murya yadda har bakin rijiya an ji: "Ɗanjuma!"

Ya shigo cikin farar rigarsa ta Juma'a, ya sha guga, har da turare. Bai yi musu ba. Ya ce, "Gwaggo, gani na yi ba ta cin abinci."

"Sai ka ba doki wake don matarka ta ƙoshi? Kai, Allah ya raba mu da tausayin wawa! Kama igiya. In ya ci gaba da birgimar nan hanji zai murɗe. Ku tashe shi, ku yi ta zagaya da shi, kar ku tsaya sai abin da ya shiga ya fito. Hanne, kama ɗaya ɓarin."

"Gwaggo, ni doki..."

"Kin keta mini zana ba ki ji tsoro ba, sai yanzu?"

Haka muka fita fili, shi a dama ni a hagu, Gwaggo a baya da Abarta a goye tana tafa wa Kansila gindi tana yi masa magana a hankali kamar jariri. Ya yi taku kaɗan ya nemi durƙushewa, mu ɗago shi. Na ga 'yata da idona lafiya lau, amma zuciya ba ta da hankali, tana ta gaya mini in dokin nan ya faɗi bai tashi ba, wani abu zai biyo baya. Unguwa ta taru. Masu tafiya masallaci suka tsaya, kowa ya zuba wa wutsiyar duƙushi ido kamar ana jiran ganin wata.

Rana ta take tsaka, muna ta zagaye. Can sai Kansila ya tsaya, ya ɗaga wutsiya, ya saki wata iska da ta sa kaji suka watse, toroso ya biyo baya, rabinsa a kan farar rigar maigidan. Gwaggo ta kama hanci ta rangaɗa guɗa! Wallahi ko ranar aurena ba a yi irinta ba.

Wani dattijo ya ce, "Ɗanjuma, yi sauri ka sake riga, za a tayar da salla."

Gwaggo ta ce, "Ya tafi da ita haka, ai shaidar aikinsa ce."

Da yamma na tsaya a bakin ƙofarta ina murza gefen zane, ina jiran hukunci. Ta gama dama kunu tukuna. Sannan ta ce, "Ba ta neme ki ba, ko? To yaye ya yi. Amma ki bar mini ita har sanyi ya fita, ki riƙa shigowa ta ƙofa kamar mutane." Ta miƙo mini ludayi. "Kaɗan-kaɗan, sau da yawa, da ɗumi. Kar ki ɗura mata don tsoronki ya kwanta. Ba ta tsaya ba, Hanne. Ƙashi take yi."

Da ruwa ya sauka ciyawa ta fito, Kansila ya miƙe kamar ana jan sa, ƙafafu sambal. Abarta ma ta yi kumatu. Tun daga shekarar awon safe ya zama biyu, in ta gama da na turke sai ta ƙwala kira ta saman zana, "Turo mini ƙawata!" Yarinya ta wuce gwiwa, ta wuce ɗaurin zane, ta kai hammata. Dawakai suka zo suka tafi, ita Abarta tana nan.

A ciwonta na ƙarshe, cikin ɗarin da ya wuce, Gwaggo ta ce a tashe ta tsaye. Muka ce ba za ta iya ba. Ta harare mu, muka ɗaga ta. Abarta, wadda yanzu take makarantar koyon jinya, ta matso ta manna kafaɗa da ita. Gwaggo ta ɗaga hannu tana neman saman kan yarinyar, hannun bai kai ba. Ta yi 'yar dariya.

"To, mun haɗu, har kin wuce. Ku kwantar da ni."

Allah ya jiƙan Gwaggo. Yadda ta ɗumama wa bakin da ba ya magana ruwa, ta rufa wa 'yar wani asiri a cikin sanyi, Allah ya sanyaya makwancinta, ya shayar da ita daga tafkin Annabi. Mu kuma da muke tahowa a baya, Allah ya haɗa mu da ita a hanya mai kyau. Amin.